Tumbin Jaki

A Lima sama ba ta da fuska.
Mutanen garin suna kiranta tumbin jaki:
toka-toka, ta kwanta a kan rufin gidaje
tun daga Mayu har Nuwamba,
ba ruwa, ba rana,
sai yayyafi mai laushin numfashi
da ke jiƙa wuyan riga bai kai ƙasa ba.

Ni ne Nikanor, mai gasa burodi a unguwar Rimak.
Ƙarfe biyu na dare nake kwaɓa ƙullu,
kafin ya kumbura ina da rabin sa'a,
ita ce dukan dukiyata.
Matakala goma sha tara, ta bakwai tana rawa,
madubin hangen nesa a hammata,
ɗan siriri, bai kai tsawon hannuna ba.
A kasuwar tsofaffin kaya na saye shi,
ƙafafunsa biyu ne na asali,
ta ukun sandar goge daɓe ce.

A duwatsun Ayakuco, ina yaro,
taurari kamar an kifar da buhun gishiri a baƙin bargo,
ban taɓa tambayar sunan ko ɗaya ba.
Abin da ke da yawa ba a yi masa suna.
Yanzu na haddace su duka
a garin da fitilun titi suka rina gajimare ruwan lemo.

Jikata Yeseniya ta ba ni littafin rubutu
wai in riƙa adana abin da na gani.
Litinin, babu.
Talata, babu.
Laraba, jirgin sama mai sauka Kayawo.
Alhamis, babu, kuma gilashin ya yi gumi,
na goge shi da gefen rigar aiki, gari ya ɓata shi.

Otiliya, maƙwabciyata, da dare take shanya,
rana ta asibiti ce.
Ta hayin katanga, da abin maƙale tufa a baki:
"Tsoho, me ka ajiye a can sama da kake ta nema?"
Karenta ma ya daina yi mini haushi,
ya sa ni cikin tarkacen rufi,
tsakanin tankin ruwa da karyayyen keke.

Sai wani daren Satumba
iska ta taso daga teku ta tsaga tumbin,
ƴar kafa, faɗin bakin tanda,
baƙi ƙirin a ciki,
da ɗigo guda rawaya wanda ba ya ƙifta ido.
Zuhalu.

Hannuna na kyarma. Na kamo shi, ya zille,
motar shara ta wuce, rufin ya girgiza,
na sake kamowa, dishi-dishi kamar ƙwayar shinkafa a ruwa.
Saura murɗa ɗaya.

"Matsa in gani," in ji Otiliya.
Ban ji ketarowarta ba.
Na matsa. Har yau ban san dalili ba.

Ta sunkuya, jiƙaƙƙen zanen gado a kafaɗa,
ta murɗa abin da yatsun da sabulu ya cinye.
Shiru.
Matar da ba ta barin magana ta kwana a bakinta.
"Ashe da zobensa," ta ce a hankali.
"Ɗan mitsitsi. Kamar ɗan kunnen jaririya.
Wa ya rataye shi a can?"

Da ta ɗago, kafar ta ɗinke.
Na sa ido, toka.

Ƙullu ya tumbatsa daga kwano a daren nan,
burodin safe ya yi tsami, an yi ta mita.
Na rubuta: Jumma'a, Otiliya ta gani.

Washegari na taka matakala ta bakwai
na ji ƙamshin gahawa daga sama.
Ta kawo kujera, ta kawo kofi biyu,
ba ta kawo wanki ba.
Muka ɗaga kai rabin sa'a
yayyafi yana sauka cikin kofunanmu.

Asabar, babu.
Mu biyu.